Ruwan Ranar Litinin

Alƙahira, Talata 8 ga Yuli

Zuwa ga Kawu Abdel Tawab,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Su'ad da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Mama tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko har yanzu kana ƙin maganin likita kana shafa man zaitun. Ita ma da sauƙi, hawan jinin ya ɗan sauka, amma tun shekaranjiya ba ta ci abin kirki ba, kuma ka san dalili.

Na kira wayarka ya fi sau ashirin, kullum a kashe. Shi ya sa na ɗauki biro. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina makaranta, sai ka yi haƙuri da rubutun. Usta Mabruk direba ya yi mini alkawarin zai ba ka hannu da hannu. Ni ma na fi samun natsuwa da takarda, don wayar da nake riƙe da ita ta ofis ce.

Kawu, a tasharmu aka nuna ka, kuma gara ka ji daga bakina. Ka san aikina shekara huɗu ke nan, ni ke buga rubutun da yake fitowa a ƙasan allo. Ranar Lahadi da yamma, saura minti goma a fara shiri, Ustaz Midhat shugabanmu ya ajiye mini takarda ya ce, “Buga wannan da jan launi, ki yi sauri.” Na buga. “Azzalumin ƙauye ya hana uwar marayu ruwa.” Ban tambayi wane ƙauye ba, ba a tambaya a wurinmu. Sai da aka saki bidiyon na ɗaga kai. Na ga dattijo da fartanya yana toshe bakin gona da laka, wata mace ta riƙe hannun rigarsa tana kuka, yana fizgewa. Da ya juyo sai na ga mutumin da ya koya mini haɗa baƙi a gindin ɓaure shekarar da Mama ta kawo ni hutu. Rubutuna yana ƙarƙashin fuskarka.

Sakan arba'in ne duka. An maimaita shi sau shida a shirin, an sa masa sarewa mai ban tausayi. Kafin gari ya waye ya shiga kowace waya.

Ban san abin da ya faru a bakin gonar nan ba. Abu ɗaya nake roƙonka: duk wanda ya zo da kyamara, ko da ya rantse maka zai faɗi gaskiya, kada ka ce masa komai. Ka yi shiru, ka zauna a gida.

'Yarka,
Rihab


Fayyum, Asabar 12 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Rihab,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta zo, tana ƙamshin fetur da gyaɗar Mabruk. Muna lafiya. Ki gaya wa mamanki Afaf, 'yar baffana mai tsegumi, cewa man zaitun ya girmi likitanta, kuma gwiwar tana kai ni masallaci tana dawo da ni. Ta ci abinci, ba a mutu ba. Rubutunki kuwa ya lalace, kamar kaza ta bi ta kan laka.

Wayar tana cikin akwatin Su'ad, ƙarƙashin barguna. Daren farko na amsa kira goma sha ɗaya. Wani daga Iskandariya ya zagi mahaifiyata da ta shekara talatin a kabari. Wata mata ta ce tana roƙon Allah Ya kashe ni da ƙishirwa, ta gama ta ce in gaida gida. Ban san wanda ya raba musu lambar ba.

Waɗannan ba su dame ni ba, ba su san ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai mutanen nan ne. Shekara ashirin da shida ina raba ruwan magudanarmu, tun ina koyarwa har na yi ritaya. Gida sittin da uku, kowa da ranarsa da mintinsa gwargwadon gonarsa, daga na bakin magudana har mutanen wutsiya da ruwa ke isa gare su a ƙarshe. Ba albashi, sai zagi in ruwa ya yi kaɗan. Ban taɓa ƙara wa kaina minti ɗaya ba, kuma sun sani.

Jiya na shiga gidan gahawa na yi sallama. Mutum tara, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, muryar Nagat, matar da ke kuka a bidiyon, tana fita daga wayoyi uku a lokaci guda. Sha'aban na wutsiya, wanda na koya wa karatu da bulala, ya ce, “Ustaz, mu dai mun gani da idonmu.”

Na ce, “Kana wurin?”

Ya ce, “To ai ga shi nan. Gani ya kori ji.”

Na ce, “Shekara nawa kana ganina, Sha'aban?”

Ya ce, “Mutum miliyan biyu suka kalla, Ustaz. Duk su yi kuskure?”

Na sha shayina na fito. Miliyan biyun nan ba wanda ya san ko ina magudanarmu ta dosa, amma su Sha'aban ke tambaya wane ne ni.

Kin san abin da ke cin ruwanmu. Babbar gonar inabin nan da aka yanka a hamada sama da mu, injina takwas suna zuƙa dare da rana tun bara. Ni na rubuta takardar koke, ni na bi gida gida aka sa hannu. Saura kwana goma mu kai ta ofishin ruwa wannan abu ya fito. Yanzu mutum bakwai sun zo sun ce in goge sunansu, wai ba sa bin azzalumi.

Ban ga laifinki a rubutun ba, mai aiki umarni yake bi. Amma layinki na ƙarshe ya kwana da ni. Kin ce in yi shiru in zauna a gida. Haka ake ce wa wanda ya jawo wa dangi abin kunya. In kin yarda na yi, ki faɗa mini kai tsaye, na fi son haka.

Su'ad ta aiko muku da cuku da agwagwa ɗaya. Ku dawo da kwandon.

Kawunki,
Abdel Tawab


Alƙahira, Alhamis 17 ga Yuli

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Agwagwa ta iso, Mama ta yi mana miyar mulukiyya da ita, ta ci har ta ƙara. Ta ce tsegumin a gidanku ta koya. Ga kwando nan.

Haba Kawu. Ni zan yarda ka yi? Na ce ka yi shiru ne don na san abin da muke yi da magana. Ka yi bayani na minti goma, mu ɗauki inda ka ɗaga murya da inda ka share gumi, mu haɗa. Na ga an yi wa likita haka, na ga an yi wa shugabar makaranta. Kunya kam ina ji, amma tawa ce.

Da na karanta maganar gonar inabi sai da na ajiye takardar. Mai gonar nan surukin mai tasharmu ne. Kowa a ofis ya sani, shi ya sa duk azumi ake kawo mana kwalin inabi. Ban taɓa haɗa inabin da magudanarku ba.

Na sami Ustaz Midhat a ofishinsa. Mutum ne mai fara'a, yana tuna ranar haihuwar kowa. Na ce masa dattijon nan kawuna ne. Ya riƙe baki ya ce, “Kash, Rihab, ai da kin faɗa.”

Na ce, “Da na faɗa sai a fasa?”

Ya ce, “Da sai wani ya buga rubutun, ke ki huta.” Ya juyo mini da allon da ke nuna yawan masu kallo. “Duba nan. Mun yi shiri a kan ƙarancin ruwa da masana uku, mutane suka gudu kamar an ce gobara. Mun sa kawunki, dubi yadda layin ya hau. Mutane ba sa jin haushin ƙarancin ruwa, 'yar nan, fuska suke so su ji haushi. Ni ban ce ya yi ba. Hoto na nuna.”

Na ce, “Injinan fa?”

Ya ce, “Wane inji? Kina da hotonsu?” Ya miƙo mini alewa.

Yanzu ga babbar maganar. Abokiyar aikina a ɗakin yankan hotuna ta nuna mini bidiyon yadda ya zo, kafin a taɓa shi. Minti shida ne. Wani ma'aikacin gonar inabin ne ya ɗauka daga cikin mota a kan hanya. Na kalle shi sau biyar. Ga Nagat ita kaɗai tana buɗe ruwa da hannunta, ga amalanke suna wucewa a baya zuwa kasuwa. Ka zo, ka toshe, ta riƙe ka tana kuka. Nan suka yanke. Abin da suka jefar shi ne ka ajiye fartanya ka zauna a kan kunya har ta yi shiru, ka ce mata, “Gobe ruwana naki ne, duka.” Ta kama hannunka za ta sumbata ka janye.

Na yi kuka a gaban kwamfuta, Kawu. Ka ba ta ruwanka, mu kuma muka kira ka azzalumi. Na kwafe shi, yana wurina. Tasharmu ba za ta taɓa nuna shi ba, amma ba na bukatar tasha. In na sa shi a intanet, kafin awa biyu ya isa gidan gahawarku. Ka ce mini to kawai.

Rihab


Fayyum, Lahadi 20 ga Yuli

'Yata,

Muna lafiya, Su'ad ce ke ɗan tari. Na ji daɗin takardarki, kuma na janye abin da na ce. Tsufa ne, mutum ya fara jin zagi a inda babu.

A kan bidiyon, a'a. Kada ki sake shi, kada ki nuna wa kowa. In da hali ki goge. Ba zan rubuta dalili a takarda ba, takarda tana da ƙafa, kuma Mabruk ya iya karatu. Ki sani kawai akwai abin da ya fi sunana muhimmanci a cikin wannan magana, kuma in ya fita wani gida ne zai rushe.

Dagaci ya sa taro ranar Juma'a ɗaya ga Agusta bayan masallaci, za a zaɓi sabon mai rabon ruwa. Ba zan ɓoye miki ba, abin yana cina. Na so in mutu a kan aikin nan, ko aƙalla in ajiye shi da hannuna. Amma zan iya ɗauka. Ki bar maganar a inda take.

Kawunki


Alƙahira, Laraba 23 ga Yuli

Kawu,

Allah Ya ba Inna sauƙi, ta sha zuma da lemon tsami. Mu lafiya lau.

Ka yafe mini, na saɓa maka. Na karanta takardarka sau uku na gane abin da ba ka iya rubutawa ba. Sun zo maka, ko ba haka ba? Mutanen gonar inabin sun yi maka barazana da gidanka, shi ya sa ka ce wani gida zai rushe. Na san irinsu, ina ganinsu suna shan gahawa a ofishinmu. Kai ka saba haƙuri. Ni kuma na gaji da buga abin da aka miƙo mini.

Jiya da azahar na je shagon intanet a wata unguwa, na buɗe shafi da wani suna, na sa shi duka, minti shida, ban cire ko sakan ɗaya ba. Ban rubuta komai ba sai, “Ga abin da aka yanke.” Ba za su iya cewa kai ka yi ba, ko wayarka ma tana cikin barguna.

Ka zo ka ga yadda mutane suka juya. Dubu ɗari huɗu kafin magariba. Waɗanda suka zage ka suna neman gafara, wani ya zana hotonka da fartanya, wata ta ce a kai ka Makka. Suna kiranka Kawun Masar. Mama tana ta kiran 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ta yi wa magana tun rabon gadon kaka. Ustaz Midhat ya dube ni ya wuce teburina. In sun kore ni sun kore ni.

Yau ne karo na farko a aikin nan da na ji na yi abin da aka koya mana a jami'a. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Kawu. Je ka taron Juma'a da kanka a sama.

'Yarka mai taurin kai,
Rihab


Alƙahira, Asabar 9 ga Agusta

Kawu,

Muna gaisuwa. Lafiya kuwa? Sau uku Usta Mabruk yana zuwa hannu rabbana. Na tambaye shi, ya ce kana nan ƙalau, ya ga ka a masallaci, daga nan ya kama duba tayar motarsa. Mama ta kira Inna Su'ad, ta ce mata kuna lafiya ta kashe.

In fushi kake yi don na saɓa maka, na karɓa, amma ka rubuto ko zagi ne. Yaya aka yi a taron? Ko mutanen nan sun taɓa ka?

Rihab


Fayyum, Asabar 16 ga Agusta

Zuwa ga Rihab,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, tarin Su'ad ya tafi. Ba wanda ya taɓa ni, kuma ba wanda ya taɓa yi mini barazana. Masu injin nan ba sa bukatar zuwa gidana. Na ɗauki biro sau da yawa na ajiye, don ban so in rubuta miki cikin fushi. Yanzu ya sauka, saura baƙin ciki.

Laifin rabi nawa ne. Na yi miki magana a dunƙule kamar ke 'yar nan ce, na manta kin bar ƙauye kina shekara biyar. Bari in gaya miki abin da kika kalla sau biyar ba ki gani ba.

Amalanken da ke wucewa a bayan Nagat kasuwa za su. Kasuwarmu ranar Litinin take ci. Ranar Nagat Alhamis ce, minti arba'in. Ruwan Litinin na mutanen wutsiya ne, waɗanda masararsu ta fi ta kowa shan wuya bana. Duk yaron da ya iya riƙe fartanya a nan, da ya ga amalanken nan ya ga hannunta a cikin laka, ya san abin da take yi. Sata take yi, Rihab. Alhamis ɗin da ta gabaci ranar, lokacinta ya zo ruwan bai kai ya jiƙa kunya uku ba, masara ta fara naɗewa, ga 'ya'ya huɗu, ga mijinta Sabir a kabari. Ta fito da rana tsaka lokacin da kowa ke kasuwa. Na kama ta, na toshe, don ruwan Sha'aban ne. Na ba ta nawa na Talata. Muka rabu a kan ba wanda zai ji.

A wurinmu ana yafe wa wanda ya saci akuya. Wanda ya buɗe ruwan wani, jikokinsa ma da sunan ake kiransu. Tashar ta ce ranarta ce na hana ta, ni kuma na bar su a haka. Ita ma ta yi shiru, ban ga laifinta ba. Kullum da asuba sai Su'ad ta tarar da ƙwai a bakin ƙofa, mun san daga inda yake.

Ranar da kika saki abin, kafin la'asar ya iso. Mutanen birni suka ga dattijo mai kyauta. Mutanen nan ba su ma kai wurin kyautar ba, a minti na farko suka tsaya. Sha'aban ya tafi ƙofar gidanta da waya a hannu yana ɗaukar kansa yana cewa, “Fito, uwar marayu, fito ki gaya wa duniya ruwan wa kika sha.” Mata suka daina saya mata cuku. A wurin ɗiban ruwa aka ce wa babbar 'yarta ta matsa kada ta sace bokiti. Ofishin ruwa suka aiko mata takardar cin tara, su da ba su taɓa leƙo mu a kan injinan ba. Bayan kwana shida ƙaninta ya zo da a-kori-kura daga Bani Suwaif ya kwashe su. Na je na tsaya a bakin hanya. Ta gan ni, ta ja mayafi ta rufe fuska. Tana zaton ni na saki don in wanke kaina.

Taro kuwa an yi. Dagaci ya rungume ni, mutane suka yi layi suna sumbatar kaina. Sha'aban ya ce, “Ustaz, ka yafe, wallahi yaudararmu aka yi.”

Na ce, “Wa ya gaya maka yanzu ba a yaudare ka ba?”

Ya ce, “Ai wannan cikakke ne, minti shida.”

Na ce, “Shekara goma sha tara matar nan tana maƙwabtaka da kai.”

Bai gane ba, ya yi dariya ya ce Ustaz ba ya rabuwa da wa'azi. Suka mayar da ni aikina baki ɗaya, ba hannu ɗaya da ya ƙi tashi. Na tambayi wa zai raka ni Bani Suwaif mu dawo da ita. Kowa ya tuna yana da aiki.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Ina zaton in aka nuna wa mutane duka za su yi adalci. Ashe duk inda aka nuna musu su tsaya nan suke tsayawa, su jira a nuna musu wanda za su jefa. Minti shidan ma yankakke ne. Babu makon da ruwanta bai zo ba a ciki, babu injinan. Wanda ya ɗauka ya juya musu baya ne ya saita mu.

Kin yi don ni, na sani. Garin neman gira muka rasa ido.

Kawunki,
Abdel Tawab


Alƙahira, Laraba 20 ga Agusta

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna. Mama lafiya. Ni ban san me zan ce da kaina ba.

Na sake kallonsa. Amalanken suna nan, manya manya, da kwandunan tumatir. Sau biyar ina kallon fuskarka kawai, don ita nake nema.

Ba su kore ni ba. Da sun kore ni da na ji sauƙi. Ranar Lahadi Ustaz Midhat ya kira ni ya ce, “Ban san wanda ya saki abin nan ba, kuma ba na son in sani, amma Allah Ya yi masa albarka.” Sun shirya sabon shiri na mako guda a kan manoma masu satar ruwa, wai su ne sanadin ƙarancin. Da Nagat za a buɗe, da hannunta a cikin laka. Za a ba ka haƙuri a layi ɗaya, za a ce bincikenmu ne ya gano gaskiya. Ya miƙo mini takardar rubutun ƙasan allo. Na ce ba zan buga ba. Ya ce ba komai, ya miƙa wa na kusa da ni, ya buga cikin minti ɗaya. Na ɗauki jakata na fito, ban koma ba.

Na goge shafin, amma ya riga ya bazu, ko'ina na duba yana nan. Na rubuta cewa a bar matar nan, a je a dubi injinan. Mutum goma sha huɗu suka karanta.

Ka ba ni kwatancen gidan ƙaninta. Ina so in je in gaya mata da bakina cewa ni ce, ba kai ba. Ko ta zage ni, ko ta rufe mini ƙofa.

Rihab


Fayyum, Juma'a 29 ga Agusta

'Yata Rihab,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, zafi ya fara sauka. Ki gaida Afaf, ki ce mata kada ta dame ki da maganar aiki, wanda Ya tsaga baki ba Ya hana shi abinci.

Kwatancen yana bayan takardar nan. Ki je, amma ki je ke kaɗai, ki bar waya a gida, ko a jaka kada ta gan ta. Kada ki tafi da niyyar a yafe miki. Ki faɗi abin da kika yi, ki sha shayi in an ba ki, ki taso. Ni na je makon jiya. Ƙaninta ya karɓe ni a waje, ya ce ba ta nan. Ina jin tarin ƙaramin ɗanta daga ciki.

Takardar koke mun kai ta, da sa hannun gida talatin da ɗaya cikin sittin da uku. Sauran sun ce sun ga shirinku, matsalar ɓarayi ce, a fara gyara gida tukuna. Ma'aikacin ya karɓa ya sa a ƙarƙashin kofin shayinsa. Injinan sun zama goma.

Akwai wata ƙa'ida tamu da ba ki sani ba, gara in faɗa miki a fili wannan karon. Gonar da aka bar lokacinta ya wuce ba a buɗe mata ruwa ba har mako huɗu a jere, an ɗauka mai ita ya bari, sai a raba mintinta ga maƙwabta. In an raba kuwa ba ya dawowa, gona ta zama fili. Mutanen wutsiya sun iya lissafin nan sarai, tun ranar da motar ta tashi suke ƙirga mako.

Jiya Alhamis, ƙarfe goma da kwata, na ɗauki fartanya na je na buɗe mata, kamar yadda na yi duk Alhamis tun tafiyarta. Masarar ta riga ta mutu, karan sun yi fari. Sha'aban ya biyo ni har bakin gonar da mutum uku.

Ya ce, “Ustaz, wannan ai ɓarna ce. Tamu tana da rai tana ƙishi, kana shayar da gawa.”

Na ce, “Lokacinta ne.”

Ya ce, “Ba za ta dawo ba fa.”

Na ce, “In ta dawo ta tarar da shi.”

Ɗaya daga cikinsu ya ciro waya ya saita ni. Sha'aban ya ce, “In mutane suka ga wannan, ka san abin da za su ce. Wannan karon ba mai cetonka.”

Gaskiyarsa ce. Masararsa tana ƙishi, ni ma ina ganinta. Na ce wa mai wayar ya matso kusa don fuskata ta fito sosai, kada a sha wahalar nemana. Na zauna a kan kunya ina kallon ruwan yana shiga busasshiyar ƙasa. Suka gaji suka tafi a minti na ashirin.

Ni na zauna har arba'in ɗin suka cika, sannan na toshe.

Kawunki,
Abdel Tawab